Wane Lens Zan Ɗauki Inna Da Shi, 35 Ko 50?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu hoto, manya da ƙanana, barkanmu da aiki. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma yau nake so, domin direban da zan aika Kano jibi zai tashi.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Talata Mafara, ina yin fasfo da suna da walimar saukar karatu, sai ɗan biki in ya samu. Kyamarata ƙarama ce, ba ful-firem irin ta manyan ƙwararru ba, kuma har yau lens ɗin da ta zo da shi nake fama da shi, 18-55. A waje ba laifi, amma da na shiga ɗaki sai hoto ya yi dishi-dishi, mutum ya ɗan motsa ya zama aljani.

Matsalar ita ce mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, an haife ni a shekarun da aka tashi ƙauyenmu na wajen Maradun saboda dam ɗin Bakolori, ana yaye ni aka ba kawuna ni a Bakura. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ɗan Bakura take ce mini, in na je gaishe ta bango take amsa wa. Na haura arba'in, wallahi ban san yadda idonta yake ba in yana kallon mutum, sai dai in ga tana kallon ƙannena. Na ɗauki fuskokin rabin garin nan amma ba ni da hotonta ko ɗaya, ko na katin zaɓenta ba ka gane kowa a ciki.

Yanzu ba ta da lafiya, wata huɗu ba ta fita ɗaki sai in za ta zagaya, ranar Litinin za a kai ta Sakkwato a yi mata aiki, kuma likita bai ɓoye mana cewa aikin babba ne ba. Ƙanwata da ke jinyarta ta yi ta lallashinta har ta yarda a ɗauke ta ranar Juma'a da hantsi. Amma da sharaɗi. Ta ce, "Ki hwaɗa ma ɗan Bakura sau guda za ni ɗaga kai, kuma shi tsaya can nesa, kar shi haska min wutan nan tashi." To kun ji, babu filas, babu matsowa, babu a sake.

Nan na yi wautar da nake cizon yatsa a kanta. Na tambayi wani abokin sana'a mai ɗaukar amare, ya ce ai hoton mutum sai 85mm f1.8, ka tsaya nesa, baya ya narke. Jin kalmar nesa ban ƙara tunani ba, na sayar da injin ban-ruwan da nake noman rani da shi na aika Kano. Da lens ɗin ya iso na je Maradun inda Inna take zaune, na zaunar da ƙanwata a bakin gado lokacin da Inna ta zagaya, na gwada. Ɗakin ƙasa ne, gado ya cinye rabi. Na manna bayana da bango, abin da ya shiga daga goshi ne zuwa haɓa. Na ja baya zuwa ƙofa, sai na tare hasken, kuma ƙofar nan ita kaɗai ce hasken ɗakin. Shi mai ba ni shawarar a filin biki yake aiki, bai taɓa ganin ɗakin Inna ba, ni da na san ɗakin ni ne sakaran.

A kan wannan har faɗa muka yi da ƙanena, wai ina kira mata mutuwa, mutum na kwance ina yawo da kyamara. Kawu ma ya kira ni ya ce in bar tsohuwa da kunyarta. Na ba su haƙuri amma ban fasa ba, tunda ita da bakinta ta yarda.

Mai shagon da aka sayo mini shi a Kano ya ce zai canza mini sau ɗaya tak, kuma abu biyu ne daidai ƙarfina. Akwai 50mm f1.8 sabo, ɗan China, shi zai ba ni rabin jikinta har da hannuwanta ina jingine da bango, amma na ji ana cewa a duhu yana ta kai da komo yana ƙara kafin ya kama fuska. Akwai kuma 35mm f1.8 na hannu, na ainihin kamfanin kyamarata, yana kamawa nan take, sai dai mai shagon ya ce akwai ɗan hazo a gefen gilashin. Kuma da 35 in ina son fuskarta ta cika sai na matso kamar taku biyu daga gabanta, kusancin da rabona da shi tun ina goye. Na san ta, ina matsowa za ta ja mayafi shi ke nan.

Masu amfani da ɗan Chinan nan, tsakaninku da Allah, yana kamawa a ɗaki mai ƙofa ɗaya? Ko in sa shi a manuwal, wato in saita shi da hannuna, in auna da ƙanwata tukuna? In na ɗauki 35 na tsaya nesa na yanke hoton daga baya, zai fashe in an wanke shi babba? Hazon nan zai fito a fuska?

Kar wanda ya ce in nemi haya, na zagaya Mafara da Bakura ban samu ba. Kar kuma a ce in ba wani ya ɗauka. Na yi tunanin haka, ƙila ma ya fi ni samun hoto mai kyau, amma in wani ya riƙe kyamarar shi za ta kalla. Don girman Allah ku faɗa mini wanda zan ce direba ya karɓo.