Matattun kayana ya sayar mini a matsayin sababbi

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni malamin allo ne a Ƙofar Marusa, amma tun ina saurayi Allah Ya jarabce ni da son haɗa kayan lantarki. Ba sana'ata ba ce, sha'awa ce. Bara na haɗa wa masallacin unguwarmu amfilifaya, na'urar ƙara sautin lasifika, fisabilillahi, na kuma yi alkawarin duk abin da ya same ta ni zan gyara.

Kayan haɗin duk a shagon yayan matata nake saye. Da kanshi ya ce, Malam kada ka je wani wuri, kowa jabu yake sayarwa, nawa ne kawai na asali. Har roƙona yake in tara mashi waɗanda suka ƙone, wai masu narka ƙarfe yake ba.

To ina da wata al'ada. Duk transistan da ya ƙone, wato ɗan ƙaramin kayan haɗin nan mai ƙafa uku, kafin in jefa shi gwangwanin da nake tara mashi sai in sa allura in karta mashi ɗan harafin mim na ajami a bayansa, ma'ana matacce, don kada in sake ɗauka. Sau uku amfilifayar nan tana ɗaukewa ana tsakar kiran salla. Na uku ladan ya ce a gaban mutane, Malam ya koma allonsa, lantarki ba tawada ba ne. Aka yi dariya. Na je shagonshi na sayo sababbin transista huɗu a leda, na zauna gyara, ina juya na farko sai ga mim ɗina. An goge shi, an shafa wa ƙafafunsa sabuwar dalma.

Na koma shagon na nuna mashi. Ko kunya, ya ce karce ne daga kamfani. Wane kamfani ne a Sin yake rubutu da hannuna? Sai ya ce in na tona shi, ƙanwarsa ce zan kunyata.

Ranar Juma'a kwamitin masallaci zai zauna a kan amfilifayar, ni kuma ba zan yi ƙarya a ɗakin Allah ba. In faɗi sunansa, ko in yi shiru a ci gaba da kirana maras iyawa? Sannan wanda ya san mai tsoron Allah da ke sayar da kayan nan a Katsina, ya nuna mini shi.