Ɓawon Albasa a Kwamfutar Nasiru

Daren Talata, Aliero

Tun jiya allon kwamfutar wasan Nasiru yake ƙiftawa, sai hoton ya tsaya cak. Ya sauya wayar wuta, ya kashe ya kunna, a banza. Sai ya ɗora wa ƙanwarsa Asma'u laifi, har ta kwana tana kuka.

Yau mai gyara a Jega ya buɗe ta. Ɓawon albasa ne ya toshe fankar ciki, injin yana ɗaukar zafi. Buhunan albasar babansu a ɗakin Nasiru suke, kuma sau nawa na ce ya yi shara?

Na ce, "Ƙazantarka ce. Ba Asma'u haƙuri."

Ya ce, "Inna, ai ta manta."

Yarinyar da ko tuwo ba ta ci ba! Wayar wutar kwamfutar tana ƙarƙashin matashina. Sai ya roƙi gafararta zan ba shi.