Kukun da Aka Hana Ɗanɗano

Assalamu alaikum, 'yata mai kula da wannan fili. Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin Asabar ta sama, don a gida duk wanda na faɗa wa, ko dariya zai yi mini ko faɗa. Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na manya, har yau a hankali nake bin haruffa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Bari in fara da farin cikin, don shi ya fi yawa. Jikanyata mai shekara tara, wadda nake kira Kifi, ta taka ƙasa da ƙafarta. Bara war haka mota ta buge ta a bakin makaranta, ƙashin cinya ya karye, aka sa mata ƙarfe. Likitoci suka ce a riƙa kai ta motsa jiki cikin ruwa, a tafkin ninƙaya na wani kulob da ke bayan layinmu. Ni nake raka ta, in zauna kan benci riƙe da tawul da sandunanta. Mako uku da suka wuce ta fito daga ruwan, na miƙa mata sandunan kamar kullum, sai ta wuce ni ta nufi takalmanta. Wallahi kuka na yi a gaban mai kula da tafkin, ko kunya ban ji ba. A nan na yi mata alkawarin walima a bakin wannan ruwan kafin zafi ya wuce a koma makaranta, kuma da hannuna zan dafa. Mutum arba'in muka gayyata, har da ma'aikaciyar da ta sake koya mata tafiya.

To, ga matsalar. Shekara talatin da huɗu na yi ina aikin kuku a otal, ban taɓa auna gishiri da cokali ba. Lokacin da na koyi aikin ban iya karatu ba, saboda haka komai a harshe na ajiye shi. Tukunya ɗaya sai in ɗanɗana ta sau shida, kuma ɗanɗanon kuku ba lasa ba ne, ludayi ne. Haka na tara tumbin da Kifi take kira randa. Gwiwata ta dama ta gaji da ɗaukar sa, likita kuma ya ce ba zai yi mini aiki ba sai na rage kilo goma sha huɗu. Wata bakwai ke nan ina kan ganye da wake da kifi, shayi ba sukari. Sha uku sun tafi, alhamdu lillahi, har na ƙara huji biyu a bel ɗina. Za a auna ni ranar Laraba, kwana huɗu bayan walimar. In ban kai ba, sai bayan wata shida za a sake ba ni rana, alhali na gaya wa yarinyar nan cewa kafin shekara ta ƙare da ƙafa zan riƙa raka ta makaranta.

Uwarta, babbar 'yata, ita ce mai iko da sikeli a gidan. Ta ce a ɗauko masu girkin haya, ni kuma in zauna a inuwa da yankan kankana kamar baƙo. Maganar ta yi mini ciwo. Don in nuna wa kaina zan iya, ranar da ta tafi aiki na yi gwaji a ɓoye: gasasshiyar kaza, dankali, da romon da nake kwararawa a kai. Na rantse ba zan taɓa ba. Kafin in farga, cinya biyu babu su, kaskon romo kamar an wanke. Washegari kilo ɗaya ya dawo. Sai na cire batirin sikelin na sa a aljihu, na bar ta tana zargin mijinta da sayo kayan banza. Bawan Allah sai ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Ina jin ya sani.

Shin in janye alkawarin da na yi wa jikata, ko in dafa in sa gwiwata a caca?

Tsohon Kuku

*

Wa alaikumus salam, Baba. Barka da arziki, Allah Ya ƙara wa Kifi lafiya. Rubutunka kuwa ba ya bukatar a ba shi haƙuri.

Ka kwantar da hankalinka game da kilon nan. Nauyin da ke hawa cikin kwana ɗaya bayan abinci mai gishiri, yawancinsa ruwa ne, kuma yakan sauka in an koma kan tsari. Amma ba za ka gani ba muddin batirin yana aljihunka. Ka mayar da shi yau, ka gaya wa 'yarka gaskiya, ka nemi afuwar surukinka. Kada kuma ka ce za ka rama da zama da yunwa. In kana shakka, ka tuntuɓi likitanka tun kafin Laraba.

'Yarka ba raina girkinka take yi ba. Shekara guda ta yi tana zirga-zirga a asibiti da ɗiyarta, ba ta son ta sake farawa da mahaifinta. Kai ma kana da gaskiya: yarinyar da ta jure duk wannan ba za a ciyar da ita da alkawarin da aka karya ba. Saboda haka ku raba. Kai ka riƙe kazar da romon, su ne sa hannunka. Sauran a bar wa wasu.

Batun ɗanɗano kuma, maganinsa yana cikin wasiƙarka. Ka ce a harshe ka ajiye aikin saboda ba ka iya rubutu ba. To, yanzu ka iya. A wannan makon ka sami littafi. Ka bar hannunka ya ɗebi gishiri da kayan ƙamshi yadda ya saba, amma kafin su shiga tukunya ka juye a cokali, ka ga adadin, ka rubuta. Hannun da ya yi shekara talatin da huɗu yana wannan aiki ya fi yadda kake zato sanin abin da yake yi. Ludayin ɗanɗano ka damƙa wa surukinka, ya ci wannan ladan. Kai naka sau ɗaya ne, a ƙarshe, da cokalin shayi.

Ranar walimar kada ka tsaya gaban wuta da yunwa. Ka ci abincinka na tsari kafin ka fita, ka zuba faranti ɗaya tare da baƙi, da yankin kazarka a ciki. Da ka gama, ka cire rigar girki. Shekara guda kana kan benci riƙe da tawul, ya isa haka. In likita ya yarda, ka shiga gefen da ba zurfi. Ruwa zai ɗauke wa gwiwar nauyi, kuma ba wanda zai iya miƙa maka faranti a can. Bari Kifi ta riƙe hannunka wannan karon, ta san hanya.

Littafin kuwa nata ne. Ka rubuta sunanta a shafin farko.

Allah Ya sa a yi taro lafiya, Ya sa sikelin Laraba ya ba ka labari mai daɗi, Ya nuna muku safiyar da za ku taka zuwa makaranta ku biyu, ba mai riƙe da sanda.