Layar da Yaya ya aiko daga Ingila

Guri, Agusta 1958

Zuwa ga Yaya Abdulwahid,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya karatu? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ci hanya har ya shafe shinkafar fadama.

Saƙonka ya iso, wato ɗan akwatin nan mai taimaka wa kunne ya ji magana. A Malam Madori jirgin ƙasa ya sauke shi, daga can aka kawo shi Haɗeja, ni kuma na ɗauko shi a kwalekwale, na rungume shi kamar jinjiri. Allah ya saka da alheri, Yaya. Tun da sanƙarau ya taɓa kunnen Iya ba wanda ya yi tunanin akwai dabara sai kai.

Na karanta wa mutanen gida bayaninka, da ɗan bokon da na samo a ajin yaƙi da jahilci. Ka ce cikin ɗan akwatin akwai abin da ake kira taransista, wanda ba a daɗe da gano shi ba. Wai wani ma'adini ne, jamaniyam, ake tace shi tas, sannan da gangan a sa masa ɗan gauraye kaɗan, shi ke sa ƙaramar murya ta shiga ta fito babba. Ka ce aikinku ke nan a ɗakin bincike, kuna sanyaya shi kuna duba yadda lantarki ke ratsa shi. Inna Gumsu, ƙanwar Iya, ta ce ashe can ma tatar koko ka je yi.

Ita ce ma ta ce abin da za a rataya a wuya don magani ba a barin sa tsirara. Ta kai wa baduku ya ɗinke shi ruf da jar fata, igiyar kunnen kaɗai ya bari a waje. Ya yi kyau ƙwarai.

Sai dai, Yaya, Iya ba ta jin komai da shi sai shuu. Duk da haka ba ta cire shi. Ka san ta, kai ɗan fari ne, ba za ta ambaci sunanka ba balle ta yi ƙorafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko ruwan kogi ne ya taɓa shi?

Kowa yana gaishe ka.

Ƙaninka,
Ja'afaru

Guri, Oktoba 1958

Zuwa ga Yaya Abdulwahid,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, takardarka ta same mu ana tsakiyar bandar kifi. Dariyar da ka ce ka yi, mun yafe maka. Wa ya san 'yan hujojin nan na gaban akwatin su ne kunnensa? Mu mun ɗauka ado ne.

Na sa aska na farke fatar, Inna Gumsu na tsaye tana cewa alhakin bala'in da zai biyo baya a wuyana. Na sa sabon batir, na murɗa yadda ka zana. Iya ta zabura ta dafe ƙirji. Abin da ta fara ji luguden matan maƙwabta ne. Ta juya tana nema, sai ga kiran sallar la'asar. Ta zauna a bakin rumbu tana hawaye, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Yanzu ba mai gulma a gidan nan. Inna Gumsu ta dawo da fatar ta ɗinka jaka mai buɗaɗɗen baki, don haka kowa ya samu nasa. Ka yi mana godiya wurin malamanka, ka ce masu wannan ɗan gaurayen nasu ya yi aiki a Guri. A ƙaro batir in da hali.

Jiya Iya ta aiko Inna Gumsu wai a karanta takardar wancan yaron, ita dai tana gefe tana tsince shinkafa. Na karanta duka, har da zancen jamaniyam, ba ta ɗago ba. Da na zo ƙarshe na faɗi sunanka, sai ta ce abin ya fara lalacewa, ba ta ji wurin nan ba. Na maimaita. Ta ce har yanzu. Na sake maimaitawa.

Yaya, a daidai lokacin ta ji akuya na taɓa masara a bayan danga, ta kore ta. Sannan ta ce in ƙara karanta wurin.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙaninka mai godiya,
Ja'afaru