Yaya Habu, Yaranka Za Su Zauna a Fili

Zuwa ga Yayana Habu, a barikin soja, can kudu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga Gaya. Inna tana gaishe ka, mutanen gida duk ƙalau, sai fari da ya taɓa kowa bana.

Maganar ƙungiyar ƙwallon da ka kafa ce ta sa na ɗauki biro. Tun da ka shiga soja aka danƙa ta ga Malam Tanimu mai awon gyaɗa, ni kuma har yau ni ne gola. Yaya, abin ya lalace.

Ka san Isiya, ɗan gabanmu da yake takowa a ƙafa daga Balan. Geronsu bai yi ba, sau da yawa da koko kaɗai a cikinsa yake zuwa atisaye. In ya makara, Malam Tanimu sai ya sa shi zagaya fili da gudu har ya yi jiri.

Ran da muka je Toranke, kafin hutun rabin lokaci an zura mana biyu. Da kai ne, da ka tsuguna a tsakiyarmu kana ba mu ruwa da hannunka. Shi kuwa Malam Tanimu yana gindin tsamiya yana hira da baƙi, sai aike ya yi a cire Isiya. Isiya ya tuɓe rigar wasa, ya ninke ta, ya ajiye a gindin raga, ya kama hanya. Ba wanda ya kira shi.

Da ƙwallo ta uku ta shiga, ko ɗaya cikin 'yan baya bai waigo ya harare ni ba. A mota muna dawowa har dariya ake yi. Kai kake cewa, ƙungiyar da take faɗa da juna bayan an ci ta, da sauran ranta. Mu yanzu ba mai faɗa.

An ce an ga Isiya yana atisaye da 'yan Ajingi. Da su za mu kara ranar kasuwarsu, sati biyu masu zuwa.

Jiya mutum biyar cikin 'yan wasanmu suka same ni a shagon ɗinki. Sun yi shawara: ranar za su shiga fili, da an busa usur su zauna a ƙasa, a gaban duk kasuwar Ajingi. Suna so in zauna tare da su. In na faɗa wa Malam Tanimu, korarsu zai yi, ƙungiya ta mutu. In na yi shiru, ka san 'yan kallonmu, ba da baki kaɗai suke rama kunya ba. Ina tsoron a fasa wa wani kai.

Na ce su ba ni zuwa Juma'a bayan masallaci. Na san takardar nan ba za ta iske ka kafin nan ba, balle amsa. Kawai dai ban saba yanke magana ban ji bakinka ba, Yayana. Kai ka fara tsayar da ni tsakanin duwatsu biyu a ƙofar gida, kana buga min ƙwallon tsumma, in na kama ka ɗaga ni sama.

Allah Ya tsare ka inda kake, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya sa kowa ya koma gidansu da ƙafarsa ranar kasuwar nan. Amin.

Ƙaninka,
Sabo gola