Amshin da Na Riƙe

Zuwa ga Hajiya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, ina sanar da ke cewa Salaga lafiya, yara lafiya, doya ta yi kyau bana. Ina ci, ina barci, ina fita masallaci a kan lokaci. Mutane suna yaba haƙurina. Ban gaya musu ba cewa ba haƙuri ba ne. Wata bakwai ke nan da rasuwarki, kuma zuciyata tana nan kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Dalilin wannan takarda shi ne an nuna fim ɗin nan a talabijin.

Kin tuna matasan da suka zo daga Tamale bara, masu son mayar da tatsuniya fim mai waƙe-waƙe. An gaya musu akwai wata tsohuwa 'yar Yendi da ke aure a Salaga, wadda har yanzu take riƙe da waƙar 'yan'uwa biyu: yayar da kogi ya ɗauke, da ƙanwar da ke zuwa bakin ruwa kullum tana kiranta. Yaya tana amsawa daga ƙarƙashin ruwa, kuma da wannan amsa mutanen gari suka san tana da rai, suka je suka ciro ta.

Yadda kakarki ta koya miki a Yendi, mai ba da labari shi ke rera kiran, masu sauraro su yi amshi. Haka kika yi wa 'ya'yanmu bayan magariba, shekara da shekaru. Ni kuwa ina zaure da rediyo a gabana, na rage murya har ƙasa. Ba ki taɓa nuna kin sani ba.

Ranar da suka zo, kika zauna a tabarma da shuɗin mayafinki, suka kafa miki na'urar ɗaukar murya. Kika rera kiran, kika tsaya. Babu wanda ya san amshin a cikinsu. 'Ya'yanmu sun watse, wata a Bawku, wasu a Kumasi. Sai kika juyo kika dube ni.

Ina sanye da babbar riga, ga baƙi, har da 'yan mata. Na ga bai kamata dattijo jikan fataken goro ya buɗe baki da waƙar tatsuniya a gaban yara ba. Na sunkuyar da kai ina jan tasbaha.

Sau uku kika rera, sau uku kika jira. Da suka roƙe ki ki faɗa musu amshin da kanki, kika ce, "Ni na yi kira. A gidanmu mai kira ba ta amsa wa kanta." Bayan sun tafi kika kawo mini tuwo da miyar ayoyo, kika ajiye, kika ce, "Alhaji, girman nan naka, Allah ya sa ya yi maka rana." Iyakar maganar ke nan.

Kashegarin Sallah, bayan la'asar, aka nuna fim ɗin. Auta ta zo daga Bawku da 'ya'yanta, maƙwabta suka cika tsakar gida. Matasan nan sun yi ƙoƙari, ba zan hana su haƙƙinsu ba: kaya masu sheƙi, ganguna, kogi na shuɗin yadi da samari ke kaɗawa. Sai yarinyar da ta fito a ƙanwa ta durƙusa a bakin ruwa ta buɗe baki, muryarki ta fito.

Mata suka fashe da kuka. Ni na jira nawa, bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne agogon bango ya yi baya da minti huɗu.

A wurin amshi suka sa sarewa. Sau uku kina kira, sau uku sarewa.

Rukaya, jikarki mai shekara tara, ta taɓa mini gwiwa, da Hausarta ta Bawku da ba ta raba mace da namiji: "Tsoho, wannan yaya kurma ne? An kira shi bai amsa ba. To wa ya gaya wa mutane yana da rai?" Aka yi dariya cikin hawaye. Na dubi uwarta. Ta ce muryar waƙar tana kunnenta, amma kalmomin sun tafi. A nan na gane cewa daga Yendi har Bawku, ban san wani mai rai da ya rage da amshin nan ba sai ni, wanda ya ƙi faɗa.

Da safe, kafin su tafi tasha, na kira Rukaya zaure. Ban rufe ƙofa ba, ko da yake masu wucewa suna gani. Ta kunna wurin kiranki a wayar uwarta, wadda ta ɗauki fim ɗin da ita ana cikin nunawa, kika rera, na amsa. Ta riƙe ciki tana dariya, ta ce muryata kamar tsohon ƙyaure. Muka maimaita har ta iya, ta shiga mota tana rerawa.

Ko a lokacin ban yi kuka ba, Hajiya. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma tun ranar ƙafar nan ta fara farfaɗowa kaɗan.

Abokiyar zamana, kin kira sau uku ina zaune kusa da ke. Ga shi, a makare:

Na ji ki, na ji ki,
ruwa ne ya riƙe ni,
kada ki bar bakin kogi.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe miki, ya sa ki yafe mini shirun nan. Ya haɗa mu a inda in kin kira zan amsa tun a na farko.

Wassalam.
Mijinki, mai sauraro daga zaure,
Salaga.