Sabon Sinkin Umma

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Maman yara da jikokinki suna gaishe ki.

Na rubuto ne saboda kwana biyar ke nan ina kira ba kya ɗagawa. Na ce wa direba kada ya baro gidan sai da amsa.

Auta ta gaya mini an sauke miki wani ƙaton sinki na tangaran, kuma kin ce za a yanka kabat ɗin kicin a saka shi. Umma, abin ya ɗaure mini kai. Wata biyu kacal da faɗuwarki a kicin ɗin nan. Mun zauna da ke da Auta, mun tsayar da magana cewa ƙarshen wata za ki dawo wurina da zama. An yi wa ɗakin ƙasa fenti, an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Wanda zai tashi, me zai yi da sabon sinki?

Sannan kabat ɗin aikin hannun Baba ne, shi ne abu na ƙarshe da ya ƙera kafin rasuwarsa. Don Allah kada a sa masa zarto.

Ina roƙonki a matsayina na ɗanki. A matsayina na likita kuma, kada ki ɗaga abin da ya fi buta nauyi.

Allah ya ƙara lafiya.
Ɗanki.

*

Likita,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka. Ka shafa mini kan yara, ka gaida uwarsu. Jiki da godiya.

Kiranka ina gani. Na ƙi ɗagawa ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na ce “amma”, sai ka ce “Umma ki saurara”. A takarda dole ka jira ni in gama.

Ka ce mun tsayar da magana. Ku dai kuka tsayar, kai da ƙanwarka. Ni ina kwance da ɗauri a kafaɗa, kun tsaya mini a ka kamar 'yan sanda, na ce “to” don ku bar ni in huta.

Sinkin kuwa sai ka gani. Fari fat, baki ɗaya ne ba a raba shi biyu ba, zai ci babbar tukunyar nan da nake fita da ita waje in wanke a tsugune. Irin na gidajen gona ne, wanda gabansa ke fitowa fili, ba ya ɓuya a bayan katako. Mutum zai matsa har jikinsa, babu miƙa hannu nesa. Tsohon na ƙarfe ya ruɓe ta ƙasa, shekara uku ina tara masa roba. Ku kuka ce a kan ruwansa na zame. To ga shi zan raba ku da shi, sai kuma ka ji haushi?

Batun kabat, ubanka ya ƙera, gaskiya ne. Wa ya riƙe masa tef ɗin awo? Wa ya danne masa ɗaya bakin katakon har shekara talatin da ɗaya? Na san inda kowace ƙusa take a jikinsa, kai kuwa ko guduma ka riƙe sai ka bugi yatsa. Da yana raye da tuni ya yanka, yana mita yana yankawa. Ba na son a mayar mini da kicin wurin ajiyar kayan tarihi, ni ina ciki da raina.

Na riga na auna, na ja layi da fensir. Kafinta zai zo ranar Litinin.

Ɗakin da ka yi wa fenti, ka sa babbar 'yarka a ciki, ta isa ta bar kwana da ƙanne.

Allah ya yi maka albarka.
Ummanka.

*

Yaya,

Salam. Ya aiki, ya su Anti da yara? Ni dai ka sa ni a tsakiya, kuma ban ji daɗi ba.

Ranar Litinin kafinta ya zo da jakarsa, ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya. Umma ta ce, “Bismilla mana, ga layi nan.”

Ya ce, “Hajiya, wato, katakon nan tsoho ne, yana iya tsagewa.”

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Likita ya kira ka ko?”

Bawan Allah ya sunkuyar da kai. Yaya, me ya sa ka yi haka? Ta ce masa, “Jeka abinka, ka gaishe shi. Allah ya jiƙan wanda ya koya maka sana'a, da ya ga wannan rana da ya karɓe zartonsa.”

Yana fita ta ce in jawo akwatin kayan aikin Baba daga ƙarƙashin gado. Na ce, “Umma, kafaɗarki.” Ta ce, “Ta hagu ce ta goce, da dama nake yanka.” Na ce zan kira ka. Ta ce in kira, amma in fara danne mata katako.

Wallahi ban taɓa sanin ta iya haka ba. Ta kwance ƙyamaren kabat biyu, ta zuba ƙusoshin a kofi, ta liƙa salatif a kan layin don kada bakin katakon ya tsattsage. Sannan ta jawo kujera ta zauna ta kama yanka. Tana yi tana hutawa, zufa har haɓa. Da gaban ya faɗo ƙasa sai muka ga rubutun Baba da fensir a bayansa, lambobin awonsa. Ni na fashe da kuka. Ita ta goge shi da bakin zane, ta jingine shi a bango, ta ce, “Share idonki, ba ki ganin tef da hawaye.”

Jiya muka haɗa abin da zai ɗauki nauyin sinkin, katako masu kauri huɗu a tsaye, biyu a kwance. Ta sa na hau kai na yi tsalle, ko motsi bai yi ba.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Ta sauke mazaunin sinkin ƙasa da inda tsohon yake da kusan taƙi guda. Na ce ya yi ƙasa, ta ce daidai ne. Kuma ta ce ba za a mayar da ƙyamaren ba, ƙarƙashin zai zauna a buɗe. Duk awon nan a zaune ta yi shi.

Kada ka ce ni na gaya maka.
Auta.

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya.

Ni na kira kafinta, ba zan musa ba. Ban zaci za ki ɗauki zarto da kanki ba. Da kin sake faɗuwa fa, Auta kaɗai za ta iya ɗaga ki?

Ba taurin kai nake yi da ke ba. Akwai dalilin da ya sa nake so ki dawo kusa da ni, kuma ba maganar takarda ba ce. Ki yarda da ni ko sau ɗaya, zaman gidan nan ke kaɗai ba zai yiwu ba nan gaba. Auta tana da aikinta da gidanta.

Ranar Asabar zan zo da mota babba. Ki haɗa abin da kike so, sauran ni zan kula da shi. Ki yafe mini idan na ɓata miki rai, amma wannan karon ba zan janye ba.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.
Ɗanki.

*

Likita,

Wa alaikumus salam. Na tashi lafiya, ina fatan kai ma haka.

Dalilin naka na san shi, ka daina wahalar da kanka.

Ranar da muka je karɓar sakamakon gwaji, ka bar ni a benci, ka shiga wurin abokin aikinka kai kaɗai. Ka fito kana dariyar da ba taka ba, ka ce gajiya ce. Ni na haife ka. Bayan kwana uku na ɗauki tasi na koma, na ce masa, “Yaro, ƙafar tawa ce ko ta abokinka?” Ya gyara zama ya faɗa mini komai. Jijiyoyin ne suke mutuwa a hankali, shekara ɗaya ko biyu sai keken guragu. Dama na sani tun kafin ya faɗa. Ranar da na faɗi, ƙasan kicin a bushe yake. Ƙafar ce ta ƙi zuwa da na kira ta.

Na yi kukana na gama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ka ji labarin jikina ka sa a aljihu, ka tafi kana zaɓen fenti.

Yanzu ka gane awon da ya ɗaure wa Auta kai. Na zaɓi sinkin da bai cika zurfi ba, na sauke shi, na bar ƙarƙashin a buɗe don gwiwoyina su shiga. Na sa mai gyaran famfo ya mayar da bututun can jikin bango, ya naɗe na ruwan zafi don kada ya ƙone ni ban ji ba. Kan famfon mai dogon hannu ne, da bayan hannu ma ana buɗe shi.

Jiya aka ɗora. Mutum huɗu suka ɗaga: mai famfo, Auta, maƙwabciyata mai ɗinki da mijinta. Ban ɗaga komai ba, hankalinka ya kwanta, baki kawai na sa. Gefe ɗaya ya ƙi zama, mai famfo ya ce a bar shi haka. Na ce a fito da shi. Na rage katakon da magagari, aka mayar, ya zauna daram. Aka bi bakinsa da gam, muka cika shi da ruwa har wuya, na shimfiɗa jarida a ƙasa. Har yanzu babu ɗigo ko ɗaya. Yau da safe na jawo kujera na wanke babbar tukunya a zaune, ina kallon titi ta taga.

Ba na cewa ba zan taɓa buƙatarka ba. Ranar da hannu ya bi ƙafa, ni da bakina zan ce ka zo ka ɗauke ni. Amma ni zan faɗi ranar. Kafin nan ina gidana.

Asabar ka zo, ina marmarin ganinka. Babbar mota ka bar ta inda take. Ƙofar kicin ta yi ƙunci, keke ba zai wuce ba, kuma akwai matakala biyu a bakin falo. Idan taimako kake so ka yi, ga aiki.

Allah ya yi maka albarka, duk da haka.
Ummanka.

*

Umma,

Assalamu alaikum. Na karanta sau uku. Ki yafe mini.

Na je ɗakin da muke ajiye kekunan guragu a asibiti na auna da kaina. Faɗin mai kyaun inci ashirin da shida ne. Ƙofar tana son talatin da biyu, don kada yatsunki su gogi bango.

Zan zo Asabar da sassafe, da tsofaffin kaya a jikina. Ban iya komai a aikin katako ba, kin sani. Sai kin yi haƙuri da ni.

Ki huta lafiya.
Ɗanki.